Fashin Baƙi: Yadda Ɗalibi Zai Yi Sharhin Littafin Tarihin Rayuwar Shugaba Ahmadu Ahijo

A manyan azuzuwan lise, wato makarantun sakandare, na Garwa, Marwa da Ngawundere, haka ma a shekarun farko na jami'a, akwai aikin da malaman tarihi da na Faransanci suka saba bayarwa: a miƙa wa ɗalibi littafi ya karanta, ya dawo da sharhi a rubuce, wanda a takardar aiki ake kira compte rendu de lecture. In littafin na tarihin rayuwar shugaban ƙasa ne, a wannan yanki da wuya a tsallake Alhaji Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, shugaban Kamaru na farko. Aikin yakan yi kama da mai sauƙi, tunda kowa ya taso yana jin sunan a gida da kasuwa da majalisar dattawa. Wannan sabon ne yake kayar da ɗalibai da yawa, domin sun riga sun yanke hukunci tun kafin su buɗe shafin farko.

Takardun da ke tashi da ƙaramin maki iri biyu ne. Ta farko ta ɗauko mutumin daga haihuwa ta kai shi kabari, shafi huɗu na "sai ya yi kaza, sai aka naɗa shi kaza", ba tare da ɗalibin ya furta ko kalma ɗaya ta kansa ba. Ta biyu kirari ce daga farko har ƙarshe, ko kuma zagi daga farko har ƙarshe, gwargwadon gidan da yaron ya fito. Malamin da ke duba takardar abu uku yake nema: me marubucin ya ce game da Ahijo, da me ya kafa hujja, sannan kai da ka karanta ka auna, ina ka yarda da shi, ina ka rabu da shi, kuma saboda me. Abin da ake yi wa sharhi shi ne littafin. Ahijo yana shigowa ne ta hanyar abin da littafin ya faɗa a kansa da abin da ya yi shiru a kai.

Shi ya sa aikin yake farawa daga bangon littafi da shafin da ke bayansa. A rubuta sunan marubuci, shekarar bugu, garin da aka buga, da abin da aka faɗa game da sana'arsa: ɗan jarida ne, malamin jami'a ne, tsohon minista ne, ko wanda ya sha ɗauri a zamanin? Shekarar bugu tana da nauyi ƙwarai a wannan batu. Littafin da aka buga a cikin Kamaru kafin Nuwamba 1982 an rubuta shi ne ƙarƙashin dokar 12 ga Maris 1962, wadda ta sa sukar gwamnati ta zama laifin zagon ƙasa mai kai mutum gidan yari. Marubucin wancan lokaci ko yana da ƙorafi ba zai buga shi a Yawunde ba, kuma masu suka a waje suka riƙa buga nasu. Daga 1983, bayan ɓaraka tsakanin Ahijo da magajinsa Paul Biya, iska ta juya, sunan Ahijo ya kusa ɓacewa daga kafafen gwamnati. An soke dokar 1962 a Disamba 1990, sannan a Disamba 1991 aka yi dokar da ta wanke sunan Ahijo tare da na wasu jagororin da suka yi adawa da shi. Littattafan da suka biyo baya sun fi sakin baki. Akwai kuma sabon abu: kwamitin masana tarihi na Faransa da Kamaru da ya binciki rawar Faransa daga 1945 zuwa 1971 ya miƙa rahotonsa a Janairu 2025, kuma a wannan shekarar Shugaba Macron ya amince a rubuce cewa Faransa ta yi yaƙi a Kamaru. Duk littafin da ya riga wannan fitowa bai ga takardun da aka buɗe wa kwamitin ba, kuma ɗalibin da ya ambaci hakan a gabatarwarsa ya nuna ya san inda littafinsa ya tsaya.

Karatun kansa yana son tsari. Littafi mai shafi 250, in an ɗauki shafi 25 a rana, kwana 10 ya ƙare, a bar kwana 3 ko 4 na rubutu da gyara. A tanadi ɗan littafin rubutu, a raba kowane shafi gida uku da layi: gefen hagu lambar shafin littafin, tsakiya abin da marubuci ya ce, dama abin da ya zo maka a rai, ko tambaya ce ko shakka ko amincewa. Gidan dama shi ne asalin sharhin. Wanda ya gama littafi gidan damansa fanko, to taƙaitawa kawai zai iya kawowa. Lambar shafi kuwa a rubuta ta nan take, domin neman jimla ɗaya cikin shafi 250 daren miƙa aiki yana cinye sa'a guda, kuma galibi ba a samunta.

A shafin ƙarshe na ɗan littafin a gina jadawalin shekaru, kada ya wuce layi 20. Ga ƙashin bayansa. An haifi Ahijo a Garwa ranar 24 ga Agusta 1924. Ya yi makarantar allo da ta boko a Garwa, ya wuce babbar firamare ta Yawunde, ya kama aikin wayar iska a ma'aikatar gidan waya a 1942. Ya shiga majalisar wakilai ta Kamaru a 1947. A Mayu 1957 ya zama mataimakin firaminista kuma ministan cikin gida a gwamnatin André-Marie Mbida, ya gaje shi a Fabrairu 1958 yana da shekara 33. Ƙasa ta sami 'yanci ranar 1 ga Janairu 1960, majalisa ta zaɓe shi shugaban ƙasa a Mayu na wannan shekarar. Tarayya da Kudancin Kamaru na Ingila ta fara aiki 1 ga Oktoba 1961. Jam'iyya ɗaya tilo, UNC, ta kafu 1 ga Satumba 1966. Ƙuri'ar raba gardama ta 20 ga Mayu 1972 ta rushe tarayya. Ya sanar da murabus 4 ga Nuwamba 1982, Biya ya karɓi rantsuwa ranar 6. Ya rasu a Dakar 30 ga Nuwamba 1989 yana da shekara 65.

Wannan jadawali yana tare kurakurai da ake gani a takardu sau da yawa. Ana rubuta cewa ya zama shugaban ƙasa ranar samun 'yanci, alhali sai watanni huɗu bayan nan. Ana rikita UC, jam'iyyar da ya kafa a Garwa a 1958, da UNC ta 1966, da kuma UPC, wadda ita ce babbar abokiyar gabarsa. Harafi ɗaya ya goce, ma'anar sakin layi gaba ɗaya ta kife. Wasu kuma suna rubuta cewa juyin mulki aka yi masa, alhali da bakinsa ya sanar da sauka.

Kuskuren da ya fi ciwo a takardar ɗan wannan yanki shi ne na ƙuri'ar 11 ga Fabrairu 1961. Littafi zai ce Arewacin Kamaru ya zaɓi Najeriya, sai ɗalibi ya ɗauka Garwa da Marwa ake nufi, har ya yi mamaki a rubuce. Wanda ake nufi shi ne yankin amana da Ingila ke riƙe da shi, ƙasar Mubi, Gwoza, Bama, Dikwa, Ganye da Gembu. Su ne suka jefa ƙuri'a 146,296 ga Najeriya da 97,659 ga Kamaru, aka mayar da yankin Lardin Sardauna. Kudancin Kamaru na Ingila kuwa ya zaɓi haɗewa da Kamaru da ƙuri'a 233,571 a kan 97,741. Ahijo bai ji daɗin rasa yankin arewan ba, har Kamaru ta kai Ingila ƙara Kotun Duniya, wadda a Disamba 1963 ta ƙi yanke hukunci a kan asalin ƙarar. Ga ɗalibin da ke da dangi a Mubi ko Yola, wannan babi yana da daɗin sharhi, domin zai iya tambaya: marubucin ya bayyana dalilin da ya sa mutanen can suka zaɓi Sardauna, ko ya tsaya a zargin maguɗi da gwamnatin Yawunde ta yi?

Inda ake gane ɗalibi mai aunawa da gaske shi ne batun UPC. An kafa jam'iyyar a Duwala a 1948, tana neman 'yanci da haɗewar Kamaru biyu. Turawan mulkin mallaka suka haramta ta a Yuli 1955, magoya bayanta suka shiga daji a ƙasar Basa sannan a ƙasar Bamileke. Jagororinta uku aka kashe, kuma ɗalibai sukan haɗa mutuwar ukun a jimla ɗaya, su ɗora wa Ahijo duka ko su sauke masa duka. Jadawalin shekaru ba ya yarda da wannan haɗin. An harbe Ruben Um Nyobè a daji ranar 13 ga Satumba 1958. A lokacin Ahijo yana wata na bakwai a kujerar firaminista, ƙasar ba ta sami 'yanci ba, soja kuma a hannun Faransa yake. Félix Moumié guba aka sa masa a Jeniba, ya mutu 3 ga Nuwamba 1960, kuma wanda ya sa gubar ɗan leƙen asirin Faransa ne, William Bechtel. A lokacin Ahijo shugaban ƙasa ne mai 'yanci wanda mutuwar ta amfane shi, saboda haka tambayar ita ce me ya sani, kuma wace takarda marubucin ya nuna. Ernest Ouandié kuwa kama shi aka yi a 1970, kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa, aka harbe shi a bainar jama'a a Bafusam ranar 15 ga Janairu 1971. A shari'o'in nan an yanke wa Bishop Albert Ndongmo hukuncin kisa shi ma, Ahijo ya sassauta masa zuwa ɗaurin rai da rai. Ikon sassautawa yana hannunsa, ya yi amfani da shi ga ɗaya, ya ƙi ga ɗaya. Nauyin waɗannan mutuwa uku a wuyan Ahijo ya sha bamban, kuma sharhin da ya rarrabe su, ya duba ko marubucin ma ya rarrabe, ya fi ƙarfin shafi biyar na yabo ko tsinuwa.

A nan ne kuma ake lura da sunan da marubuci ke kiran mayaƙan dajin. In 'yan ta'adda yake cewa, da harshen gwamnatin lokacin yake magana. In 'yan kishin ƙasa yake cewa ko yaushe, ba tare da ya ambaci fararen hular da su ma suka kashe ba, shi ma ya ɗauki ɓangare. A ƙirga shafuka: nawa ya ba yaƙin nan da ya ɗauki shekaru fiye da goma, nawa ya ba bukukuwan buɗe ayyuka? A duba ko ya ambaci wuraren tsare 'yan siyasa ba tare da shari'a ba, irin na Mantum da Yoko, da na Cholire da ke nan Arewa. A duba ko sunan Jean Fochivé, shugaban 'yan sandan ciki, ya fito. Mai sayen buhun gero yakan zura hannu har ƙasa kafin ya biya, kuma ƙasan buhun irin wannan littafi shi ne babin tsaro.

Ɓangaren ayyuka ya fi sauƙin rubutu, shi ya sa ɗalibai ke cika shi da jerin sunaye. Ayyukan gaskiya ne, kuma mutanen Arewa suna ganinsu da ido. Layin dogo daga Yawunde zuwa Ngawundere, kilomita 622, an fara shi a 1964 ya iso a 1974. Jami'ar Yawunde ta buɗe a 1962. SEMRY ta noman shinkafa a Yagwa ta kafu a 1971, SODECOTON ta auduga mai hedikwata a Garwa a 1974. Madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, da taimakon China, an gina ta tsakanin 1977 da 1982. Jerin kaɗai ba ya ba da maki. Abin da ke bayarwa shi ne tambaya ɗaya da aka bi har ƙarshe. Misali, noman auduga na sayarwa kamfanin Faransa CFDT ne ya kafa shi a Arewa tun farkon shekarun 1950, kuma ya ci gaba da riƙe hannun jari a SODECOTON. To mene ne sabo a 1974, mallaka ce ta sauya ko rayuwar manomi? Ko batun man fetur, wanda aka fara haƙowa a 1977: wani babban kaso na kuɗin an ajiye shi a asusu na musamman a wajen kasafin kuɗin ƙasa. Masu kare Ahijo suna cewa hikima ce, don kada kuɗin mai ya sa a watsar da noma. Masu suka suna cewa dukiyar jama'a ce da majalisa ba ta da ikon dubawa. Ɗalibi ya nemo wanne marubucinsa ya ɗauka, da ko ya kawo alkaluma, da inda ya samo su. In littafin ya kawo adadin bunƙasar tattalin arziki, a duba shekarun: kafin mai ne ko bayan mai?

Tambayar da ta fi jan hankalin ɗaliban jami'a ita ce ko Ahijo yaron Faransa ne. Tana da kyau a matsayin jigon sharhi domin akwai hujja ta kowane gefe. Kwamishinan Faransa Jean Ramadier ya taka rawa wajen faɗuwar Mbida a 1958, wadda ta buɗe wa Ahijo hanya. Sojojin Faransa ƙarƙashin Janar Max Briand sun yi yaƙi a ƙasar Bamileke a 1960, bayan samun 'yanci. A ɗaya gefen, lokacin yaƙin Biyafara daga 1967 zuwa 1970, Faransa ta karkata ga Biyafara, Ahijo ya tsaya tare da gwamnatin Yakubu Gowon. A 1971 ya fitar da Kamaru daga Air Afrique ya kafa Cameroon Airlines, a shekarar kuma ya ƙulla hulɗa da China ta Beijing. A 1974 aka sake tattauna yarjejeniyoyin haɗin gwiwa da Faransa. Amsar da ta fi riƙe ruwa takan raba zamani, ta nuna cewa Ahijon 1958 da na 1974 ba su da ƙarfi ɗaya a gaban Faransa. Ɗan Marwa zai iya ƙarawa da cewa a garinsu ne Ahijo da Gowon suka sa hannu kan sanarwar iyakar ruwa ta 1 ga Yuni 1975, takardar da ta sake tasowa a shari'ar Bakasi.

Batun 1972 gajere ne a yawancin takardu, alhali yana da nauyi. Ahijo ya sanar da shirin a majalisa ranar 6 ga Mayu, aka yi ƙuri'a ranar 20, mako biyu kacal, sakamakon hukuma ya haura kashi 99 cikin ɗari. Tsarin mulkin 1961 yana da sashen da ya hana taɓa tarayyar. Masu magana da Ingilishi da yawa suna ganin nan ne aka karya alkawarin taron Fumban na 1961, inda aka tsara tarayyar, kuma rikicin da ya ɓarke a yankunansu tun 2016 yana komawa ga wannan ƙorafi. Ɗalibi ya yi hattara da kashi 99 ɗin: a ƙasar jam'iyya ɗaya, inda Ahijo ya tsaya takara shi kaɗai a 1965, 1970, 1975 da 1980, irin wannan adadi ba ya auna ra'ayin jama'a.

Akwai wani ɓangare da ɗalibin Arewa ya fi kowa damar yi masa sharhi, kuma shi ne ya fi tsallakewa. Littattafai da yawa suna magana kan Arewa kamar gida ɗaya ne da ya tsaya bayan ɗansa. Ahijo bai fito daga gidan lamiɗon Garwa ba. Ɗan boko ne da sai da ya yi lallashi da ciniki kafin lamiɓe, wato sarakunan Fulani, su mara masa baya, kuma bayan ya yi ƙarfi ya rage musu iko yana kuma amfani da su. Sannan Arewa ta ƙunshi Mafa, Tupuri, Masa, Mundang, Giziga, Gbaya da sauran al'ummomi, da yawansu Kirista ko masu addinin gargajiya, kuma masana tarihi sun rubuta cewa a zamanin an fifita Musulmi wajen muƙamai a yankin, har an matsa wa wasu sarakuna su musulunta. Ɗalibi Bahaushe ko Bafulatani da ke zaune benci ɗaya da ɗan Tupuri ya kamata ya tambayi littafinsa: muryar wa ake ji in an ce "mutanen Arewa"? Wannan tambaya tana buƙatar ƙarfin hali, amma ita ce ke raba sharhin gaskiya da kirari.

In malami ya yarda a haɗa da bayanin baka, dattawan gida taska ne, sai dai tambayar tana da ladabinta da dabararta. Wanda ke da shekara 20 a 1982 yau ya haura 60. Kada a ce, "Baba, Ahijo mutumin kirki ne?" domin amsar a shirye take tun shekaru arba'in. A ce, "Baba, ranar da ya yi murabus kuna ina, wa ya fara faɗa muku?" ko "Kawu, kafin jirgin ƙasa ya iso Ngawundere, ta yaya kuke kai shanu Kudu, kwana nawa?" ko "Inna, a wace shekara aka fara sa 'yan mata boko a unguwar nan?" Bayan kowace amsa a bi da tambaya ɗaya cikin ladabi: "Da idonku kuka gani, ko labari aka ba ku?" A rubuta wanda aka gani daban, wanda aka ji daban. Mutum biyu ko uku sun isa. A takarda a ce "wani dattijo mai shekara kaza, tsohon manomin auduga", kada a sa suna sai da izininsa. In aka zo kan yunƙurin juyin mulkin Afrilu 1984 dattijo ya yi shiru, a bar maganar. Akwai gidaje a Arewa da suka rasa mutum a wancan lokaci.

Ƙarshen labarin yana buƙatar taka tsantsan wajen jera abubuwa. Biya ya zama firaminista a 1975, gyaran tsarin mulki na 1979 ya sa firaminista ne magajin shugaba. Ahijo ya sauka daga shugabancin ƙasa a 1982 amma ya riƙe shugabancin UNC, kuma daga nan rigimar ta taso, wa ke gaba tsakanin jam'iyya da gwamnati. Ya bar ƙasar a Yuli 1983. A Agusta Biya ya sanar da gano makirci, ya sauke firaminista Bello Buba Maigari, aka raba lardin Arewa gida uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, Ahijo kuma ya ajiye shugabancin jam'iyya. A Fabrairu 1984 kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa, aka mayar da shi ɗauri. Yunƙurin juyin mulki na dogaran fadar shugaban ƙasa ya zo ne ranar 6 ga Afrilu 1984, bayan hukuncin. Ɗalibai sukan juya wannan jeri, su ce an yanke masa hukunci saboda juyin mulkin, wanda kuskure ne da kalanda kaɗai ke gyarawa. Dalilin murabus ɗin kuwa, littattafai sun saɓa, wasu sun ce rashin lafiya da gajiya, wasu sun kawo labarin cewa likitoci sun ruɗe shi. A rubuta wanda marubucin ya ɗauka, a faɗi ko ya kawo shaida ko jita-jita ya maimaita. An binne shi a maƙabartar Yof a Dakar, matarsa Germaine ta rasu a can a 2021 aka binne ta kusa da shi.

Sai rubutun. Sharhi mai shafi huɗu, wato kalmomi 1,000 zuwa 1,200, ana iya raba shi haka: gabatarwa rabin shafi, mai ɗauke da bayanin littafi da marubuci da tambayar da za ka bi. Taƙaitawa shafi ɗaya, kada ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na aikin. Aunawa shafi biyu, a kan batu biyu ko uku kawai da ka zaɓa. Matsayarka rabin shafi. Ɗauko maganar marubuci kai tsaye sau uku ko huɗu ya wadatar, kowanne kada ya wuce layi uku, da alamar zance da lambar shafi. Wanda ya yi ƙoƙarin taɓa UPC da tarayya da mai da Faransa da Arewa da 1984 duk a shafi biyu zai ba kowanne 'yan layuka, ba zai ce komai a kan ko ɗaya ba.

Ga bambancin a aikace. Ɗalibi ya rubuta: "Wannan littafi ya burge ni ƙwarai, ya nuna Ahijo gwarzo ne mai kishin ƙasa wanda ya kawo zaman lafiya da ci gaba." Babu abin da malami zai kama a nan, kuma ana iya rubuta jimlar ba tare da an buɗe littafin ba. A ce wani ya rubuta: "Marubucin ya ba layin dogo shafi goma sha biyu, ya ba Cholire layi uku. Na yarda da shi cewa jirgin ya sauya cinikin shanu, domin ya kawo alkaluman kaya kafin 1974 da bayanta. Ban gamsu da cewa tsare mutane ya zama dole ba, domin shaidarsa ɗaya ce, kuma tsohon jami'in gwamnatin ne." Adadin shafukan nan misali ne kawai, kowa zai ƙirga na littafinsa. Jimla uku ne, kowace tana da abin da za a iya komawa a duba, kuma an ga inda ɗalibin ya tsaya.

Tunda yawancin ɗalibai da Faransanci za su miƙa aikin alhali da Hausa ko Fulatanci suke tunani, yana taimakawa a faɗi matsayar da baki cikin harshen gida, a jimla biyu, ga wani ɗan'uwa da bai karanta littafin ba. In ya gane kuma ya iya yin gardama, matsayar ta nuna. In ya ce "to me kake nufi?", a koma gidan dama na ɗan littafin rubutu. Kwafe sharhi daga intanet kuwa yana tonuwa da wuri, domin irin waɗannan rubuce-rubuce ba su da lambar shafi, kuma sukan ambaci abin da babu shi a bugun da malami ya bayar.

Kafin miƙawa a yi dubawa uku dabam-dabam. Ta farko ta shekaru da sunayen jam'iyyu kaɗai, ana gwada kowanne da jadawali. Ta biyu a ja layi ƙarƙashin duk jimlar da ta fara da "kowa ya sani" ko "babu shakka", a sa mata shafi ko a cire ta. Ta uku a tabbatar mai karatu zai iya bambance inda marubuci ke magana da inda ɗalibi ke magana, ta hanyar "marubucin ya ce" da "a ganina". In akwai gabatarwa ta baka a gaban aji, tambayar da malamai suka fi yi ita ce wane babi ne ya fi rauni a littafin kuma me ya sa, don haka a shiga aji da lambar babin da dalili biyu a rubuce a bayan takarda.